Mai Kyamara da Mai Daji: Tarihin Yawon Kallon Goggon Biri a Idon Mutumin Ƙonni

A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta faɗa wa Birnin Ƙonni, ta cinna masa wuta, ta kashe jama'a mai yawan gaske. Shekara guda bayan wannan ta'asa, a watan Mayu na 1900, wakilan ƙasashen Turai masu mulkin mallaka suka zauna a Landan suka sa hannu a kan yarjejeniyar kare namun dajin Afirka. Cikin dabbobin da suka ce kada kowa ya taɓa akwai raƙumin dawa, da goggon birin nan da ake kira gorila, da birin cimfanzi. Cikin waɗanda suka ce a rage yawansu kuwa akwai zaki da damisa da kura da kada. Yarjejeniyar ba ta kai ga fara aiki yadda aka tsara ta ba, amma tunanin da ya haife ta ya samu gindin zama: mai yanke hukuncin abin da za a kashe da abin da za a ƙyale a dajin Afirka ya tashi daga mutumin da gonarsa ke bakin dajin, ya koma wani can nesa. Ba a taɓa sanin gorila ko cimfanzi a ƙasar Ƙonni da Adar ba, dabbobi ne na wuraren da ruwan sama ke wadata. Duk da haka tarihin sana'ar kai baƙi su ɗauke su hoto ya shafe mu, domin ana yawan kawo mana shi a matsayin misalin yadda kyamara ke ceton dabba. Abin da tarihin ya nuna shi ne naman daji yana tsira ne a inda maƙwabcinsa ke da rabo da ta cewa a kansa, kuma kuɗin mai kyamara ba ya yin tasiri sai ya tarar da wannan tushe ko ya taimaka an gina shi.

Yawon ɗaukar hoton namun daji jikan yawon farauta ne, kuma bai ɓoye kamanninsa da kakansa ba. Gorilar tsauni, wadda ake tururuwar gani yau a Ruwanda da Yuganda, Turawa sun fara saninta ne a watan Oktoba na 1902, lokacin da wani hafsan sojan Jamus, Robert von Beringe, ya harbe guda biyu a kan tsaunin Sabyinyo. A 1909 tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya shigo gabashin Afirka da ayarin ɗaruruwan 'yan dako, ayarin ya tattara dabbobi manya da ƙanana sama da 11,000 domin gidajen adana kayan tarihi. A daidai wannan zamani Bajamushe Carl Georg Schillings yake ɗana kyamara mai walƙiya a bakin mashaya da dare, bindigarsa kuwa na rataye a kafaɗa. Hoto a wurin waɗannan mutane wata hanya ce ta komawa gida da shaida, kamar ƙaho da fata. Wanda ya fi nuna sauyin zuciya a cikinsu shi ne Carl Akeley, Ba'amurke mai sana'ar cusa fatun dabbobi don nuni. A 1921 ya kashe gorila biyar a tsaunukan Virunga, ya kuma ɗauki hotonsu mai motsi, daga bisani abin ya dame shi har ya matsa wa Sarki Albert na Beljiyam lamba a keɓe wurin. A 1925 aka kafa gandun da ake kira Virunga a yau, na farko irinsa a nahiyar. Nadamar Akeley ta gaskiya ce, kuma a can ya mutu a 1926. Sai dai mutanen da suka bi masa sawun dabbar, suka san inda take kwana da abin da take ci, ba a nemi shawararsu wajen shata iyakar gandun ba.

Mataki na biyu masu bincike ne suka ɗauke shi. George Schaller ya zauna da gorilolin Virunga a 1959 ba tare da makami ba, ya tabbatar da cewa dabbar da ake zuzuta muguntarta mai cin ganye ce, mai kunya. Jane Goodall ta isa Gombe ta ƙasar Tanzaniya a 1960, ta ga cimfanzi yana gyara tsinke yana zaƙulo gara daga suri. Dian Fossey ta kafa sansanin Karisoke a Ruwanda a 1967. Su ne suka gano dabarar da dukan sana'ar ta dogara a kanta, wato sabar da dabba da ganin mutum: a riƙa bin garke guda kullum, ana matsowa a hankali, har shekara biyu ko fiye, sai ya daina gudu. Amma bincike bai hana raguwa ba. A ƙarshen shekarun 1960 an yanke babban yanki na gandun Ruwanda aka mayar da shi gonakin wani fure da ake yin maganin ƙwari da shi, tarkuna kuma suka yawaita, har ƙidayar 1981 ta nuna gorilolin Virunga ba su wuce 250 da 'yan kai ba. A 1979 ne Amy Vedder da Bill Weber da abokan aikinsu suka fara shirin kai baƙi masu biyan kuɗi, Fossey kuwa ba ta so ba. Ƙa'idojin da aka gada daga nan suna da tsauri: mutum takwas kacal ga garke guda a yini, awa ɗaya tak, tazarar mitoci da dama tsakanin mutum da dabba, mai mura kuma ba ya shiga, domin cutar numfashin ɗan Adam tana kashe su. Tun 2017 takardar izinin wannan awa guda a Ruwanda dala 1,500 ce, sama da jaka 800 ke nan a kuɗin sefa. Ƙidayar baya-bayan nan da ta haɗa Virunga da kurmin Bwindi na Yuganda ta kai 1,063, kuma a 2018 aka fitar da gorilar tsauni daga rukunin dabbobin da ke dab da ƙarewa zuwa rukuni mai ɗan sauƙi.

Mai musu zai ce to ai ga amsa nan, kuɗin baƙi ya biya masu gadi da likitocin dabbobi, adadi ya hau, me kuma ake nema? Ba a musun rawar da kuɗin ya taka, kuma wanda ya raina ta bai yi adalci ba. Amma a duba inda tsarin ya yi rauni da inda ya yi ƙarfi. Lokacin da Yuganda ta mayar da Bwindi da Mgahinga gandun ƙasa a 1991, an fitar da al'ummar Batwa, waɗanda suka rayu cikin kurmin tun kaka da kakanni tare da gorilar ba su ƙarar da ita ba, aka bar akasarinsu ba gona ba diyya. Hukumomin da kansu sun gane cewa gadi da bindiga ba zai wadatar ba, shi ya sa Yuganda ta ware kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga gandu ga ƙauyukan kewaye, Ruwanda ta fara ba da kashi 5 na kuɗin shigar gandayenta a 2005, ta ninka shi zuwa 10 a 2017. Kuɗin baƙo kuma yana da ƙafa. A watan Maris na 1999 'yan bindiga sun kashe baƙi takwas a Bwindi, harka ta tsaya cik. A 2007 an harbe gorila da dama a ɓangaren Kwango na tsaunukan Virunga cikin rikicin cinikin gawayi, gandun Virunga kuma ya rasa masu gadi fiye da 200 a tsawon shekarun yaƙi. Da annobar korona ta rufe iyakoki a 2020, cikin 'yan watanni aka soke wani sanannen namijin gorila mai suna Rafiki a Bwindi, a hannun mutumin da ya shiga kurmin neman nama. A gefe guda kuma ga tsaunukan Mbe na jihar Kuros Riba a Nijeriya, inda ragowar wani jinsin gorila ke zaune, wanda duka duniya bai fi 300 ba. Ba a sabar da su da mutane ba, babu mai biyan dala don ya gan su. Ƙauyuka tara ne suka haɗa kai suke riƙe da dajin a matsayin nasu, masu gadin 'ya'yansu ne, wasunsu tsofaffin maharba. A 2020 kyamarorin da aka ɗaure a jikin itatuwa suka ɗauko garke da jarirai a goye. Haka nan a gandun Gashaka Gumti na Nijeriya, inda mutanen wurin ke kiran cimfanzi biri mai ganga saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa, baƙi 'yan kaɗan ne, makomar birin kuwa tana rataye ne ga fahimtar juna da makiyaya da manoman da ke zaune cikin gandun.

A nan ne ƙasar Ƙonni take da abin faɗa, domin ta san wani tsari na riƙon daji tun kafin taron Landan. A Massalata, 'yar tazara kaɗan daga Birnin Ƙonni, har yau manyan azna na yin arwa kowace shekara, su dubi abin da damina za ta zo da shi, ana kuma yin bikin buɗin daji. Masu binciken al'adu sun rubuta irin wannan biki a ƙasar Maraɗi da Arewa. Abin da ya kamata mai nazarin tarihi ya lura da shi shi ne abin da bikin ke nufi a aikace: dajin da ake buɗewa a rana sananniya daji ne da ya kasance a rufe kafin ranar. Akwai lokacin da ba a fita farautar gayya, akwai wanda ke da ikon cewa lokaci ya yi, akwai kuma jin nauyin saɓa masa. Farauta da kanta sana'a ce mai shugabanni, da sarkin dawa da sarkin baka, ana gadonta a gida, tare da sanin sawu da mashaya da haɗin dafin kibiya da magungunan saiwa. Maharbi ya bambanta da taron samarin da ke fita da karnuka da kere bayan an kawar da amfanin gona. Shi ya san cewa barewa da gada da zabon daji jarinsa ne, idan suka ƙare sana'ar gidansu ta mutu. Ga kuma misalin da kowane yaro ya sani a Malbaza da Illela: shamuwa na zuwa da damina, ta yi sheƙa a itacen tsakar gari, babu mai gadi babu takardar doka, amma ba a jifanta. Kariyar da ke zaune cikin zukatan jama'a ta fi kowace arha, ta kuma fi kowace daɗewa.

Za a ce, kuma da hujja, wannan al'ada ce ta azna wadda akasarin musulmin yankin suka bari, ba kuwa mai son a koma ga tsafi da sunan kare barewa. Ba komawa ake nema ba. Ka'idar keɓe wuri da lokaci tana da tushe mai ƙarfi a shari'ar Musulunci: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe ta Rabaza, malaman fiƙihu kuma sun yi bayanin hurumin gari da na rijiya da na kogi. Mutanen ƙasar da kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka daɗe a cikinta ba baƙin wannan ilimi ba ne. Za a kuma ce maharban ai su ne suka kashe dabbobin. Sun kashe, babu shakka. Amma kwari da baka sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki daji bai ƙare ba. Ƙarewar ta zo ne cikin ƙarni guda, ƙarnin bindigar zamani da mota, kuma ƙarnin da aka zare ikon daji daga hannun masu shi.

Yadda aka zare shi ba ɓoyayye ba ne. Yarjejeniyar Landan ta biyu, ta 1933, ta ƙarfafa kafa gandaye, ta kuma nemi a hana raga da rami da tarko da dafi, wato kayan aikin talaka, alhali mai lasisi da bindiga yana da halinsa. Dokar Faransa ta 4 ga Yuli 1935 ta sa dazuzzukan yammacin Afirka a hannun hukuma. Da aka kafa gandun W na Nijar, wanda ya zama gandun ƙasa a 1954, an tashi ƙauyuka daga cikinsa. Bayan samun 'yanci a 1960 tsarin ya ci gaba kusan yadda aka gaje shi, manomi yana iya cin tara don ya sassabe reshen gawon da ya tsiro a gonarsa. Sakamakon ya fito fili: wanda ya san itacen ba nasa ba ne, kuma zai iya jawo masa rigima da ma'aikacin gandun daji, sai ya tumɓuke shi tun yana tsiro. Dabbar da ta zama ta gwamnati kuwa wanda ya riga ganinta shi ke da ita. Masu cewa fari da yawan jama'a ne suka cinye dajin suna da gaskiya babba. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun yi ɓarnar da ba a manta ba, mutanen Nijar sun tashi daga miliyan uku da 'yan kai a 1960 zuwa sama da miliyan 25, gonaki sun haɗe da juna, mariri ya ɓace daga ƙasar baki ɗaya. Amma wannan hujja ba ta iya bayanin abin da ya biyo baya. Daga tsakiyar shekarun 1980, da aka sassauta riƙon da ake yi wa itatuwan gona, manoman Maraɗi da Damagaram da Tawa suka koma barin tsiro suna renonsa, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da kusan kadada miliyan 5. A 1989 wasu manoman ƙasar Illela ta Nijar suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako ana zuba taki, suka dawo da dabarar tassa, cikin 'yan shekaru dubban kadadun da aka yanke wa ƙauna a kewayen Badagishiri suka koma ba da hatsi, har fako ya samu farashi a kasuwa. A kwarin Maggiya layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 sun kare gonaki daga iska. Jama'a ba ta ragu ba a waɗannan shekaru, ƙaruwa ta yi. Abin da ya canja shi ne manomi ya tabbata abin da ya rena nasa ne.

Nijar tana da nata gwajin na yawon kyamara, a kan hanyar nan guda da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Dogon Dutsi ta iso Ƙonni. Raƙuman dawan Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, su ne ragowar jinsinsu a duk yammacin Afirka. A 1996 saura 49 kacal, kuma a shekarar ce aka tura a kamo wasu domin kyauta ga shugabannin ƙasashe maƙwabta, da dama suka mutu a hannun masu kamun. Abin ban sha'awa game da Kure shi ne babu shinge. Dabbobin suna yawo cikin gonaki, suna cin waken mutane da mangwaronsu, wanda ba ƙaramar asara ba ce ga mai ƙaramin ƙarfi. Abin da ya sa aka jure shi ne an haɗa zamansu da amfanin ƙauyuka: 'yan rakiyar baƙi 'ya'yan yankin ne masu ƙungiyarsu, ƙungiyoyin kare raƙuman suka riƙa haƙa rijiyoyi da ba mata ƙananan rance. Adadi ya haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji tare da direbansu da ɗan rakiyarsu 'yan Nijar a cikin yankin, baƙin waje suka ɗauke ƙafa. Darasin Bwindi ya maimaita kansa a ƙofar gidanmu. Tun kafin nan, a watan Nuwamba na 2018, an ɗauki raƙuma takwas an yi tafiyar kusan kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji a arewacin jihar Maraɗi, inda aka rabu da ganinsu tun zamanin fari, aka ƙara huɗu a 2022. Can ma masu sa musu ido makiyaya ne da 'ya'yan yankin, a wurin da baƙo mai kyamara bai cika zuwa ba.

Saura musu guda, wanda ya fi kowane nauyi: yankin da ke fama da tsadar hatsi da matsalar tsaro a kan iyaka, ina ruwansa da tsuntsu da barewa? Amsar ita ce abin da ya rage na namun daji a nan yana zaune ne a wuraren da abincin mutane ke fitowa. Tafkin Ɗan Dutsi, wanda aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2005, masunta ne ke cin abinci a cikinsa, shanu na sha, ana noman rani a gefensa, kuma nan ne dinya da kirinjijiya da zalɓe da tsuntsayen da ke ƙetaro hamada daga Turai ke sauka. Ruwan madatsun Mozage da Zango, wanda ke ciyar da fadamar noman rani ta Ƙonni, shi ma yana tara tsuntsaye. Yashin da ke cike waɗannan ruwaye saboda an sare itatuwan tudu yana korar tsuntsu, yana kuma rage ruwan mai albasa. Babu Baturen da zai biya dala 1,500 don ganin dinya, kuma bai kamata a gina wani buri a kan haka ba. Masu kallon da za a iya samu suna kusa: 'yan makarantun Ƙonni da Galmi da Malbaza waɗanda ba su taɓa ganin gauraka ba sai a littafi, da matafiyan Sakkwato da ke ƙetaro iyaka ta Illelar Nijeriya, kowannensu da kyamara a cikin wayarsa. Dokar farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilu 1998 da dokar dazuzzuka ta 2004 suna nan a rubuce, ƙananan hukumomi kuma sun samu zaɓaɓɓun majalisu a 2004, kafin a rushe su a 2024. Aikin da ke gaban shugabannin ƙananan hukumomi da sarakuna da limamai da sarakunan ruwa da ragowar gidajen maharba shi ne su zauna a kan kowane tafki su shata wane gefe ne hurumi, wane wata ne ba a harbi ba a jefa raga, wa ke gadi, kuma cikin asusun wane ƙauye tarar mai laifi da kuɗin ɗan rakiya za su shiga.